Birnin Napoli da Ma'anonin Asiri

Kalmar da harsunan Turai da dama suke ambaton tsafi da duba da hulɗa da gaibu da ita ta samo tushe ne daga harshen Latin na Rumawa, inda occultus yake nufin abin da aka lulluɓe ko aka sakaya, ba tare da ƙamshin sihiri a jikinsa ba, shi ya sa har yau masana taurari suke amfani da 'yar'uwar kalmar idan wata ya gitta ya kare wani tauraro. Hausa ta bi kusan wannan hanya da kalmar asiri, wadda ta aro daga Larabci, domin a bakin Bahaushe asiri shi ne maganar da ba a son ta fita, shi ne kuma abin da ake cewa boka ya binne a bakin ƙofa, sannan idan aka roƙi Allah ya rufa asiri, abin da ake nema shi ne kada talauci ko abin kunya ya tsiraita mutum a gaban jama'a. Birnin Napoli, da ke gaɓar teku a kudancin Italiya, wuri ne da waɗannan ma'anoni uku suka cakuɗe har ya zama da wuya a raba su, kuma mafi yawan abin da ake sayar wa baƙi a can da sunan ɓoyayyen al'amari ya samu wannan suna ne saboda an ɗauki ɗaya daga cikinsu an ɗora a kan wata.

Girkawa ne suka kafa birnin fiye da shekara 2,500 da suka wuce, suka kira shi Neapolis, wato sabon birni, kuma tun daga lokacin ake gina shi da naman jikinsa. Ƙasar wurin wani dutse ne rawaya mai laushi, wanda toka da aman wuta suka daskare suka zama shi, Italiyawa suna ce masa tufo. Magina sukan haƙa rami a cikin filin da za su gina, su sassaƙo dutsen daga ƙasa su ɗora a sama, saboda haka kusan kowane tsohon gida yana zaune ne a kan kogon da aka ciro shi. Waɗannan koguna, da wasu suka kai zurfin mita 40, an haɗa su da siraran hanyoyi aka mai da su matattarar ruwan sha, kowane gida da rijiyarsa da ke zuwa can. Masu kula da su, waɗanda ake kira pozzari, wato 'yan rijiya, sukan sauka su hau ta matakan da aka fafe a jikin bango, suna iya ɓullowa a tsakar gidan mutum ba tare da sun bi ta ƙofa ba. Mutanen Napoli kuwa suna da wani aljanin gida da suke kira munaciello, ɗan guntun mai zuhudu da doguwar riga mai hula, wanda yakan bar kuɗi a gidan da ya so, ya kwashe kaya a gidan da ya ƙi. Masu yi wa baƙi jagora suna son cewa aljanin nan ba kowa ba ne illa ɗan rijiyar da aka hana shi ladansa, ko wanda uwargida ta yi wa kyakkyawar tarba. Bayanin yana da daɗin ji, amma aljanun gida irin wannan suna nan a tatsuniyoyin garuruwan da ba su da rijiya ko ɗaya a ƙarƙashinsu. Annobar kwalara ta 1884 ta sa aka daina shan wannan ruwa, aka jawo sabo daga Serino a 1885, kogunan suka koma juji, sai a Yaƙin Duniya na Biyu da jiragen sama suka yi ta ruwan bama-bamai a kan birnin aka sake buɗe su, dubban mutane suka fake a ciki suka bar zane-zane da sunaye a jikin bango.

Yamma da birnin akwai yankin da ake kira Campi Flegrei, filayen da ke ci da wuta, inda ƙasa take tashi tana sauka, hayaƙin farar wuta yana fita daga tsaguwa, kuma a 1538 wani sabon tudu ya tsiro a cikin kimanin mako guda. A nan tafkin Averno yake, wanda Rumawa suka ɗauka ƙofar lahira ce, a nan kuma garin Cuma yake, mazaunin Sibilla, macen da aka ce tana faɗin abin da zai zo. Mawaƙin Rumawa Virgil ya siffanta ta a littafinsa Aeneid tana rubuta jawabinta a kan ganyaye, iska tana shigowa ta warwatsa su, mai tambaya ya tafi da amsar da aka ba shi amma ba a jere ba. A 1932 masanin tono kayan tarihi Amedeo Maiuri ya gano wani dogon rami da aka sassaƙa a dutse, mai tsawon kimanin mita 130, ya ce shi ne kogon Sibilla. Masana da dama da suka biyo baya suna ganin aikin tsaron gari ne, amma sunan da Maiuri ya raɗa shi ne ya zauna.

Shi kansa Virgil, wanda ya rasu a shekara ta 19 kafin haihuwar Annabi Isa aka binne shi a Napoli, bai tsira ba. Bayan ƙarni goma sha biyu da mutuwarsa, mawaƙin ya riga ya rikiɗe ya zama babban bokan birnin, har wani babban jami'in sarkin Jamus, Konrad na Querfurt, ya rubuta wasiƙa a ƙarshen ƙarni na 12 yana lissafa abubuwan tsarin da aka ce ya bari, ciki har da ƙudan tagulla da ke hana ƙudaje shiga gari. Mafi shahara shi ne ƙwan da aka ce ya sa a cikin kwalba ya ɓoye a harsashin ganuwar da ke bakin teku, da sharaɗin cewa ranar da ya fashe birnin zai rushe. Ganuwar har yau sunanta Castel dell'Ovo, ganuwar ƙwai. Dalilin wannan rikiɗa a fili yake ga duk wanda ya san matsayin littafi a wurin da masu karatu ba su da yawa. Mutumin da ake koyar da waƙarsa a kowace makaranta, wanda har ake buɗe littafinsa da ka a karanta baitin da ido ya faɗa a kai don neman ishara, dole talakawa su ɗauka ya san abin da sauran mutane ba su sani ba, kuma tazarar da ke tsakanin sanin abin da ba a sani ba da iya juya shi ba ta da faɗi a tunanin jama'a.

A ƙarni na 16 wani ɗan birnin, Giambattista della Porta, ya rungumi kalmar da hannu biyu. Littafinsa Magia naturalis, wato sihirin halitta, ya fito a 1558, ya faɗaɗa shi zuwa kashi ashirin a 1589, kuma abin da ke ciki shi ne maganaɗisu da madubai da gilasan ƙara gani da dabarun dasa itatuwa da haɗa turare, gauraye da camfe-camfen da ya tsinta a tsofaffin littattafai. Ya kuma rubuta littafi a kan rubutun sirri a 1563. Ƙungiyar da ya kafa a gidansa sunanta Majalisar Asirai, sharaɗin shigarta kuwa shi ne mutum ya zo da wani asirin halitta da shi ya gano, wanda hakan ke nuna cewa asiri a wurinsu abu ne da ake nema don a tone shi a gaban abokai. Kotun binciken aƙida ta Cocin Katolika ba ta fahimci kalmar haka ba, ta tuhume shi, majalisar ta watse. Duk da haka a 1610 ya shiga ƙungiyar masana ta Lincei, shekara guda kafin Galileo ya shige ta. Ko kalmar kimiyya da Hausa take amfani da ita yau ta fito ne daga sunan da Larabawa suka ba sana'ar masu neman mai da dalma zinariya, abin da ke nuna cewa a farkon al'amari ɗaki ɗaya ilimin biyu suka kwana.

Babu inda wannan cakuɗuwa ta yi kauri kamar a ɗan ƙaramin cocin iyalin Sansevero da ke tsakiyar tsohon gari. Mai shi, Raimondo di Sangro, yariman Sansevero, wanda ya rayu daga 1710 zuwa 1771, soja ne, mai ƙirƙire-ƙirƙire, mai injin buga littattafai a cikin fadarsa, kuma na ɗan lokaci shugaban 'yan Freemason na Napoli, ƙungiyar da mambobinta suke rantsuwar riƙe sirri, har Fafaroma Benedict na 14 ya sake haramta ta a 1751, yariman ya ajiye muƙamin. Ya wallafa littafi yana kare ra'ayin cewa ƙulle-ƙullen igiya na mutanen Peru, da ake kira quipu, rubutu ne cikakke, Coci ta sa littafin a jerin haramtattu a 1752, domin ta hango wasu ra'ayoyi a ƙarƙashin maganar igiya. A tsakiyar cocin nasa akwai sassaƙen da Giuseppe Sanmartino ya gama a 1753, wanda ke nuna Almasihu kwance bayan an sauko da shi daga gicciye, bisa imanin Kiristoci, an lulluɓe shi da mayafi. Mayafin dutsen marmara ne, amma ya kwanta a jiki kamar jiƙaƙƙen yadi: ana ganin jijiyar da ta kumbura a goshi, da haƙarƙari, da ramin ƙusa a hannu da ƙafa, duk ta ƙarƙashinsa, a gefen ƙafafu kuma ga kambin ƙaya da ƙusoshi da awartaki. Da mutane suka kasa yarda hannu zai iya wannan, sai suka ce yadi ne na gaske yariman ya shimfiɗa ya zuba masa wani haɗi ya zama dutse, suka ƙara da cewa ya makantar da mai sassaƙar don kada ya sake yin irinsa.

Takardar biyan kuɗin aikin tana nan a ma'adanar tarihi ta Bankin Napoli, mai ɗauke da watan Disamba na 1752, kuma a cikinta yariman ya rubuta cewa mayafin ma na marmara ne. Sanmartino ya rayu har 1793 da idanunsa, yana ta aiki. A ɗakin ƙasa na cocin akwai ƙwarangwal biyu, namiji da mace, kewaye da saƙar jijiyoyin jini ja da shuɗi har zuwa mafi siranta, waɗanda aka daɗe ana cewa bayin yariman ne da aka yi wa allurar wani ruwa da ransu jininsu ya zama ƙarfe. Binciken da aka yi a farkon wannan ƙarni ya nuna cewa ƙasusuwan na mutane ne, amma jijiyoyin waya ce da zaren siliki da kakin zuma mai launi, aikin wani likita ɗan Palermo mai suna Giuseppe Salerno. Abin lura shi ne wanda labarin ya cuta. Yariman, da bai cika bayyana yadda yake haɗa abubuwansa ba, ya ci ribar jita-jitar, sunansa ya yi tsawon rai saboda ita. Mai sassaƙar da likitan su ne aka ƙwace wa haƙƙi, domin duk lokacin da aka kira gwaninta asiri, an share watannin da mutum ya yi a sunkuye da guduma da kurfi, an miƙa ladan ga wata kwalbar da ba a taɓa gani ba.

Ma'ana ta uku tana arewacin tsohon gari, a unguwar talakawa ta Sanità, a wani tsohon wurin fasa dutse da ake kira maƙabartar Fontanelle. Annobar 1656 ta kashe kusan rabin mutanen birnin, gawawwaki suka fi ƙarfin kaburbura, aka riƙa jibge su a wannan kogo, aka ƙara da na kwalarar 1836 da 1837 da ƙasusuwan da aka kwaso daga coci-coci. A 1872 wani limamin coci, Gaetano Barbati, tare da matan unguwa, suka jera ƙasusuwan a tsare, ƙoƙunan kai a gaba, dogayen ƙasusuwa a baya, na mutum kimanin 40,000 da ba a san sunan kowa ba sai 'yan ƙalilan. A aƙidar Katolika akwai wani matsayi bayan mutuwa da ake kira Purgatorio, inda ake tsarkake ran da bai cancanci wutar dindindin ba kafin ya shiga aljanna, kuma addu'ar masu rai tana rage masa wahala. Wanda ya mutu a annoba ba shi da ɗa ko jika da zai yi masa wannan addu'a, shi ya sa mutanen Napoli suka kira irin waɗannan anime pezzentelle, rayuka mabarata, abin da suke bara kuwa shi ne refrisco, wato sanyi ko sassauci.

Daga nan wata al'ada ta tsiro, mafi yawa a tsakanin mata. Mace takan zaɓi ƙoƙon kai ɗaya ta goge shi, ta ɗora shi a kan ƙyalle mai tsabta, ta kunna masa fitila ta yi masa addu'a, sannan ta jira mai shi ya zo mata a mafarki ya faɗi ko shi wane ne. Idan buƙatarta ta biya, ko lafiyar yaro ce ko dawowar ɗa daga yaƙi ko samun miji, sai ta yi wa ƙoƙon ɗan akwati na katako ko na marmara, ta rubuta godiya da shekara a jiki, sunan da ke kan akwatin kuma nata ne, tun da shi mamacin ba shi da suna. Idan shiru ya yi yawa, sai ta mai da shi cikin tarin ta ɗauki wani. Mai kallo daga nesa zai ga tsafi da ƙasusuwa, kuma hukumar Coci ma kusan haka ta gani, domin a 1969 Kadinal Corrado Ursi ya hana al'adar, bisa hujjar cewa girmamawa irin wannan ta ƙasusuwan waliyyan da aka sani ce. Hujjar tana da ƙarfi a ma'aunin aƙida. Sai dai ta fuskar zaman jama'a abin da matan nan suke yi ya fi kusa da rufin asiri: matalauciyar da ta san cewa ita ma ramin gayya ne zai iya zama makomarta ta ɗauki wanda aka jefar ba likkafani ta ba shi tsabta da wurin zama da dangi, ta kuma sa ran ya rama mata, domin a unguwar da ba mai bayar da bashi sai da jingina, ko mamaci abokin ciniki ne. A 2010 mazauna unguwar suka mamaye kogon suka matsa wa hukuma ta buɗe shi ga jama'a.

Cikin abin da aka fi roƙon matattu har da lambobin caca. Cacar lamba ta gwamnati, da ake zaɓen lambobi daga 1 zuwa 90, ta haifar da wani ƙamus da ake kira smorfia, wanda yake ba kowane abu da aka gani a mafarki ko a titi lambarsa: 47 mamaci, 48 mamacin da ke magana, 90 tsoro, 25 Kirsimeti. Wanda ya san hisabi, inda ake mai da haruffa lambobi, zai gane tsarin, sai dai a nan duniya ce gaba ɗaya ake karantawa kamar wasiƙar da aka rubuta a sakaye, haɗarin mota ko faɗan maƙwabta ya zama lambobi uku da za a kai wurin mai karɓar kuɗi. Marubuciya Matilde Serao, a littafinta na 1884 a kan unguwannin talakawan birnin, ta ɗauki cacar nan a matsayin cutar da ke cinye ɗan abin da suka samu, kuma lissafi yana bayanta, tun da gwamnati ce kullum take cin riba. Akwai kuma jettatura, imani da cewa wasu mutane suna jefa tsiya da kallonsu ko da ba su yi nufi ba, wanda ake karewa da ɗan ƙahon murjani ja. Wani malamin shari'a, Nicola Valletta, ya rubuta littafi a kai a 1787 cikin salon da ba a iya cewa wasa yake ko da gaske, masanin al'adu Ernesto de Martino kuma ya nuna a 1959 cewa wannan rabin wasa rabin gaske shi ne sulhun da masu ilimin birnin suka ƙulla tsakanin hankalin zamani da tsohon tsoro.

Babban al'amarin gaibu na Napoli kuwa a bainar jama'a ake yin sa, gaban kyamarorin talabijin. Gennaro, waliyyin birnin, bishop ne na Benevento da aka fille wa kai a Pozzuoli wajen shekara ta 305, zamanin sarki Diocletian, kuma babban cocin birnin yana ajiye da wasu ƙananan kwalabe biyu da aka ce jininsa ne. Sau uku a shekara, a farkon Mayu da 19 ga Satumba da 16 ga Disamba, ake fito da su a jujjuya, daskararren abin da ke ciki yakan narke, wani lokaci cikin mintuna, wani lokaci bayan kwanaki, wani lokaci kuma ya ƙi. Rubutu mafi tsufa da ya ambaci narkewar na 1389 ne. A sahun gaba wasu tsofaffin mata ne da ake kira dangin waliyyin, waɗanda idan ya yi jinkiri sukan yi masa tsiya suna kiransa mai rawayar fuska, saboda launin mutum-mutuminsa na azurfa da aka shafe da zinariya. A 1991 wasu masana Italiyawa uku suka wallafa a mujallar Nature cewa sun haɗa wani abu, da kayan da ake iya samu a ƙarni na 14, wanda yake daskarewa idan an ajiye shi ya narke idan an girgiza. Gwajin ya nuna abin da zai yiwu, bai nuna abin da ke cikin kwalaben ba, tun da ba a yarda a buɗe su. Ita Cocin ma tana taka-tsantsan da harshenta: a hukumance ba ta ayyana abin a matsayin miracolo ba, wato mu'ujizar da aka bincika aka tabbatar, takan ce prodigio, abin al'ajabi, kalmar da ta bar ƙofa a buɗe ta kowane ɓangare.

Dangantakar birnin da waliyyin kuma a rubuce take kamar ta 'yan kasuwa. A watan Janairu na 1527, lokacin da yaƙi da annoba suka haɗu wa Napoli, wakilan gari suka yi alkawari a gaban mai rubuta yarjejeniyoyi na shari'a cewa za su gina masa sabon ɗakin ibada idan ya kare su, aka fara ginin a 1608 aka gama a 1646. Saboda wannan asali, ɗakin da dukiyar da ke cikinsa ba mallakar bishop ba ne. Suna hannun wata majalisa ta mutanen gari da ba limamai ba, magajin garin Napoli ne yake shugabantarta, kuma ɗaya daga cikin 'ya'yanta ne yake kaɗa farin hankici ya sanar da jama'a cewa jinin ya narke. A 2016 ma'aikatar cikin gida ta Italiya ta fitar da wata doka da za ta ba hukumar Coci kujeru a majalisar, sai dubban mutane suka taru a ƙofar babban cocin suna kaɗa fararen hankitai, suna cewa waliyyin na birni ne, daga bisani aka sasanta majalisar ta ci gaba da zama a hannun mutanen gari.